Gungura a Ƙafar Hagu

Litinin, 25 ga Afrilu, 1960

Yau ma gwiwa. Wata siririyar yarinya, Rabi, mutuniyar Tirmini, cikin matan da ke tsintar gyaɗa a mangazar kamfani, babban ɗakin ajiyar nan na bayan Zango. Fatar ta saluɓe kamar an goga mata dutsen niƙa. Na ce me ya same ki? Ta ce, "Bakin rijiya na zame, Malama." Na wanke, na shafa jan magani, ko wash ba ta ce ba. Da za ta fita ma dariya take ƙunshewa.

Wannan rijiya dai! Tun bayan ƙaramar salla kowace Litinin sai ta turo mana mutane, kuma duk matan mangaza. Gwiwa, gwiwar hannu, haɓa. A Damagaram, a watan da ake kwana layin ruwa, ina aka samu lakar da za ta zamar da mutum?

Laraba, 27 ga Afrilu

Lokotoro, likitanmu, ya kira ni bayan an sallami marasa lafiya. Mutumin Dahome ne, Hausarsa duk a karye, amma idonsa ba ya kuskure. Ya ce, "Falmata, wannan ba rijiya. Ko miji ya buga, ko kamfani ya ba da aiki mugu. Ke mace, ke 'yar gari. Je ki gani, ki gaya mini." In ta kamfani ce, ya ce da ƙafarsa zai je wurin baturensu, in abin ya ƙi ya wuce wurin kumandan, baturen mulki.

Na ce to. Ya san hali. Duk shekarun da na yi ina taya shi aiki ban taɓa ce masa fari alhali baƙi ne ba. Shi ya sa masu shara ke yin shiru in na shigo. Su suka sani.

Juma'a, 29 ga Afrilu

Zafi. Uwata Ya Fanta ta jiƙa zane ta lulluɓa, tana ta mita da Barbarci kamar ni na hura ranar.

Lahadi, 1 ga Mayu

Na ga rijiyar.

Bin mutum a ɓoye ba aikin mai irin ƙafata ba ne, tun daga nesa kowa ya san ɗingishin Falmata. Don haka mai fura na tambaya ina matan mangaza ke zuwa ran Lahadi bayan la'asar, ta nuna mini da baki.

A ƙofar mangaza na tarar da maigadi, Malam Suma'ila, tsohon soja, ya juya wa ƙofa baya yana tufka igiya. Daga ciki kuwa rugugi ke tashi kamar hadari, da ihun mata.

Na ce, "Sannu Baba, wa ke ciki?"

Ya ce, "Ba kowa, Malama."

"Wannan ƙarar fa?"

Ko kai bai ɗaga ba. "Ɓeraye."

Sai aka buɗe ƙofa. Wata ƙatuwar mace, gumi sharkaf, ta ɗaure zane iya gwiwa ta yi ɗamara kamar za ta kokawa. Matarsa ce, Inna Shatu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar Ya Fanta ta Birni, mai jan magani. Shigo, kada ki tara mana jama'a."

Kamyo, manyan motocin kaya, sun gama kwashe gyaɗa zuwa Kano, ba abin da ya rage sai siminti fetal da ginshiƙai a jere a tsakiya. Mata kuwa sun fi goma suna zagaya ginshiƙan a guje. Ba gudu ba ma, sulalewa. Kowace ta ɗaure wani takalmin ƙarfe mai 'yan ƙafafu huɗu a ƙafa guda, ɗayar ƙafar tana tura ƙasa da ita. Gungura suke ce masa. Ana bangaje juna da kafaɗa da ƙugu, wannan ta kife, waccan ta tsallake ta. Can na hango Rabi da jan kallabi, da gwiwar da na ɗaure mata da hannuna, ta kutsa tsakanin wasu manyan mata biyu ta fice fit. Wuri ya ɗauka, "Ta sha! Ta sha!"

Na tsaya baki buɗe. Matan aure, iyayen 'ya'ya, wata ma na san jikanta!

Inna Shatu ta ce, "Aiko ki aka yi, na sani. In baturen kamfani ya ji, zai kori tsohon nan ya sa kwaɗo a ƙofa. Ban roƙe ki komai ba. Zauna dai ki kalla tukuna."

Na zauna kusa da tarin takalmansu. Har magariba.

Litinin, 2 ga Mayu

Lokotoro ya tambaya. Na ce ba duka ba ne, sauran kuma ina kan dubawa. Ba ƙarya ba ce. Ban ji daɗin bakina ba dai.

Lahadi, 8 ga Mayu

Na koma. Ai sai na fahimci abu kafin in kai rahotonsa.

Ashe langa ce, irin ta samari, suka ɗora ta a kan ƙarfe. Kowane ɓangare da ruwansa, ita ce mai jan kallabi, sauran dawaki. Dawakinki su buɗa miki hanya, na abokan karawa su tare ki. In ruwa ta wuce su duka, ta sha. Akwai 'yan Zango, na Inna Shatu. Akwai 'yan Birni, unguwarmu, shugabarsu Lami mai ƙosai, wadda kullum nake saye a wurinta ban san da kafaɗar nan take kifar da mutane ba. Sai 'yan ƙauye, mutanen Gaffati da suka zo cin rani, ba su da dabara ko kaɗan amma in suka jeru sai ka ce katanga.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne majajjawa. Doki ta miƙa wa ruwa bakin mayafi, ta ja ta da ƙarfi ta wurga ta gaba. Rabi in aka wurga ta har rufe ido take yi.

Asalin gungurar, wai matar baturen da ya tafi bara ce ta bar akwati guda a lungu. Inna Shatu na shara ta buɗe. Ta ce da farko ta zaci abin murza taliya ne. Da aka gane na ƙafa ne, ba su isa kowa ba, sai ta raba, ƙafa ɗaya ɗaya. "Langa dama da ƙafa guda ake yi."

Dokokinta uku: ba cizo, ba jan kitso, ba a kai faɗan ciki waje. Lami da wata 'yar Zango sun zagi juna har kakanni, ana tashi na ga sun raba goro.

Yau ma wurin takalma na zauna. Ba wanda ya ce in zauna nan, ƙafata ce ta kai ni. Tun ina yarinya wurina ke nan. In 'yan mata suka fita gaɗa a dandali, "Falmata, tsare mana takalma." Na iya duk waƙoƙin, ban taɓa shiga da'ira ba. Shan inna ya taɓa ni tun ina goye, ƙafar hagu ta ƙi kamo 'yar'uwarta. Marigayi Abba ya ce wannan ƙafa ba ta daka da ɗaukar tulu ba ce, ya kai ni lakwal karatun boko. Allah ya ji ƙansa, ya yi mini gata. Amma na tsani warin takalman mutane, yau na tuna.

Alhamis, 12 ga Mayu

Kasuwa. Na sayi audugar rimi, na kai wa baduku ya ɗinka mini 'yan matasai na fata masu igiya, daidai gwiwa. Ya ce na jaki ne? Na ce kusan haka.

Don in rage wa kaina aikin Litinin ne kawai.

Lahadi, 15 ga Mayu

Sun yi dariyar matasan har da faɗuwa. Lami ta ɗora ɗaya a ka ta ce gammo. Na ce duk wadda ta sake zo mini da gwiwa a buɗe, da gishiri zan wanke. Sun ɗaura.

Na nuna musu wani hoto da na yago a tsohuwar jaridar lokotoro, wata baturiya da gungura a ƙafa biyu. Na ce ga yadda masu abin ke sawa. Inna Shatu ta juya hoton sama, ta juya ƙasa, ta ce, "Biyu duka? To da me za ta tura? Wayyo, baiwar Allah, ba wanda ya koya mata." Aka yi ta jajanta wa baturiya.

Ina son matan nan. Na rubuta, ba mai gani.

Lahadi, 22 ga Mayu

Ban so in rubuta wannan ba.

Ana hutawa ana shan ruwa, Inna Shatu ta zo ta durƙusa gabana ba sallama, ta kama ƙafata ta hagu, ta gwada da yatsunta, ta gwada tsayin gungura. A gaban kowa. Ta ce, "Kun gani? Abin da aka rage mata daidai tsayin wannan ne. 'Yata, sa ki ga."

Na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ce, "Inna, ni ba abin kallo ba ce. Ki ji da ƙashin tsufanki." Na tashi na fita, kuma duk sun ga yadda nake fita, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mai ɗingishi ba ta iya fita cikin fushi da mutunci.

Ina 'yar shekara tara Abba ya sa aka yi mini takalmi mai dundun itace. Ƙwas, ƙwas, duk lakwal suna kwaikwayo. Na jefa shi bayan ganuwa na ce ya ɓata. Tun ranar ban yarda kowa ya taɓa ƙafar nan ba, har mijin da na yi zama da shi.

Talata, 24 ga Mayu

Sai in gaya wa lokotoro gobe ma. Me ya hana?

Lahadi, 29 ga Mayu

Ban je ba. Ban kuma gaya masa ba. Na wanke kayan da na wanke jiya. Ya Fanta ta ce lafiya nake zagaya tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai?

Litinin, 6 ga Yuni

Rabon naman layya. Inna Shatu ta zo da kanta da ƙwarya a ka, ta gaida Ya, suka yi ta wushe wushe, ita da ba ta jin Barbarci. Ni ko kallona ba ta yi sosai ba. Da za ta tafi ta ce, "Ƙwaryar ba gaggawa."

Ƙarƙashin naman, cikin tsumma, gungura ce. An goge ta, an sa wa ƙafafun man gyaɗa.

Tsohuwar nan ba ta da kunya. Na tura ta ƙarƙashin gado.

Asabar, 11 ga Yuni

Ruwan farko. 'Yan Gaffati duk sun koma shuka, in ji Lami da na je sayen ƙosai. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. Ta ƙara mini biyu, ta ce wurin takalma ya yi kewa.

Litinin, 20 ga Yuni

Abin da nake tsoro. An kawo Rabi da sassafe, hannun dama a kumbure, ya karye a wuyan hannu. Jiya aka wurga ta da majajjawa ta daki ginshiƙi. Suka kwana suna shafa mata man shanu, wai targaɗe ne! Da ina nan da ban bari an wurga ta ta wannan gefen ba, tun tuni na lura ginshiƙin ƙarshe ya fi matsowa.

Da ina nan.

Lokotoro ya ɗora ƙashin, aka fita da ita. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Rijiya ba ya karya hannu haka. Ke kin sani, Falmata. Na ga idonki." Zai fita zagayen ƙauyuka, sai bayan bikin 'yancin kai zai dawo. Ran da ya dawo, ko in faɗa masa, ko ya tafi wurin baturen kamfani ya sa a tara matan a tambaye su ɗaya ɗaya.

Gaskiyarsa. Yau hannu ne, gobe kai. Zan faɗa.

Laraba, 22 ga Yuni

Na je duba Rabi a gidan gwaggonta a Zango. Na yi niyyar yi mata faɗa, na tarar tana ƙoƙarin ɗaura kallabi da hannu ɗaya, sai na ɗaura mata.

Ta ce, "Malama, za ki faɗa?" Na ce aikina ne. Can ta ce ɗanta ya rasu a kakar bara, ƙyanda, daga nan zaman Tirmini ya gagare ta. Ta ce ko'ina ta zauna sai ta ji nauyinsa a bayanta. "In aka wurga ni ne kaɗai ba na ji. Ɗan lokaci kaɗan ne, amma ina samun na kwana bakwai a ciki."

Na ce kada ta jiƙa ɗaurin.

Alhamis, 7 ga Yuli

Ya ta tafi suna a maƙwabta bayan azahar. Ina share ƙarƙashin gado tsintsiya ta taɓo ƙarfe.

Don in san abin da zan gaya wa lokotoro ne. Mutum ba ya bayanin abin da bai taɓa ba.

Na zauna bakin gado na ɗaura a ƙafar hagu, na ja igiyar fatar, na kama ƙyaure na miƙe.

Ban san yadda zan rubuta ba. Ƙuguna ya zauna daidai. Ciwon nan na gefen baya da na saba da shi har na ɗauka haka kowa ke ji, ya yi shiru. Kafaɗata ta hagu ta hau. Na ga saman ƙyauren ɗakina, akwai ƙura a kai, ban taɓa ganinta ba. Na tsaya haka ban motsa ba, tsoro nake ji kada in motsa abin ya tafi.

Ashe Ya ta manta goronta. Na ji motsi, na juya kai, tana bakin ƙofa. Ta dube ni tun daga ƙasa har sama, ba ta ko tambayi menene wannan ƙarfen ba. Ta ce a hankali, "Falmata. Ashe doguwa ce ke. Tsayin Abbanki."

Sai ta sa gefen mayafi a ido. Ni kuma na saki ƙyaure don in je wurinta, gungura ta tafi da ƙafar, na zauna daɓas a ƙasa. Muka yi ta dariya muna kuka, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Juma'a, 8 ga Yuli

Mazaunaina. Ban iya zama a kujera a wurin aiki ba, na ce wa masu shara tsayuwa na fi so.

Lahadi, 17 ga Yuli

Na mayar da ƙwarya. Malam Suma'ila ya ce, "Ɓerayen sun yi ta cigiyarki."

Na durƙusa na gaida Inna Shatu, na ce ta yafe mini maganar da na yi. Ta ce, "Wace? Ƙashin tsufa? Ai gaskiya kika faɗa, ji yadda yake ƙara." Ita ma ta ce ba ta kyauta ba da ta kama ni gaban mutane, hannunta ya riga hankalinta, haka take tun tana yarinya.

Na gaya musu komai, har ranar da lokotoro zai dawo, kuma na ce ba zan yi masa ƙarya ba. Ba wadda ta zage ni. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Lami ta ce, "To kafin nan dai a yi wasa."

Na ce da sharaɗi. A naɗe kowane ginshiƙi da tsofaffin buhuna. Ba majajjawa a kwanar ƙarshe. Wadda ba ta ɗaura matashi ba ta zauna. Inna Shatu ta ce, "Ji mai doka, ba ta ko shigo ba ta fi ni." Amma ita ta fara jawo buhunan.

Sannan na zagaya sau ɗaya, Rabi na riƙe da ni da hannunta mai lafiya. Na faɗi. Na tashi. Sau ɗaya na ce, ban san yadda aka yi magariba ta same ni a kai ba.

Lahadi, 24 ga Yuli

Wani abin mamaki. Su duk in suka ɗaura gungura sai su karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, suna ta fama. Ni kaɗai ce take daidaita. Ƙafar dama kuwa da ta shekara da shekaru tana ɗaukar aikin biyu, in na tura da ita sau ɗaya sai in wuce Lami tana haki.

Inna Shatu ba ta ce "na gaya miki" ba. Ta dai yi ta kallon rufi tana murmushi, wanda ya fi faɗar ciwo.

Lahadi, 31 ga Yuli

Zango da Birni, wataƙila na ƙarshe, kowa ya sani ba wanda ya faɗa. Zango ba su da ruwa. Rabi ta kwance jan kallabin ta miƙo mini. Na ce ni 'yar Birni ce. Lami ta ce, "Mun ba da aro. Za mu karɓe ki a ƙasa."

Ta cika alkawari, sau biyu tana kifar da ni, gwiwar hannuna ta saluɓe ta gefen matashin. A na uku Inna Shatu ta miƙo bakin mayafi ta daka mini tsawa, "Kama, 'yata!" Na kama. Ta ja.

Yanzu na san abin da Rabi ke nufi. Ba ƙafar hagu, ba ta dama. Iska kawai a kunne, da ginshiƙai suna wucewa. Na bi ta ƙarƙashin hammatar Lami.

"Ta sha!"

Da ni ake. Ni Falmata.

Laraba, 3 ga Agusta

'Yancin kai. An sauke tuta an ɗaga tuta, kalangu ko'ina, 'yan lakwal sun yi maci cikin laka. Ya ta sa zanenta na ƙasan adaka. Na yi murna, wallahi na yi. Amma duk yinin zuciyata na kan gobe. In na faɗa, tsohon soja ya rasa abincinsa, Rabi ta koma ɗaukar abin da take ɗauka. In na yi ƙarya, ban san wadda za ta riƙa zuwa aiki da sunana ba.

Alhamis, 4 ga Agusta

Lokotoro ya dawo ya rame, sauro sun ci rabonsu. Bayan sallamar mutane ya ce, "To, Falmata." Idonsa na kan gwiwar hannuna.

Na rufe ƙofa. Na ciro gungura daga jaka na ajiye a teburinsa, na faɗa masa duka, mangaza, langa, majajjawa, ginshiƙin da ya karya Rabi, buhunan da muka naɗa. Na ce muka, na ji da kunnena. Ya ce wannan hauka ne, manyan mata, gobe wani ya fasa kai wa zai amsa? Ya ɗauki hularsa.

Ban iya roƙo ba, ban taɓa koya ba. Sai na zauna a ƙasa na ɗaura ta, na miƙe a gabansa, na saki tebur.

Shekara da shekaru yana ganina a karkace. Ya tsaya da hula a hannu. Ya zagaya bayana, ya dubi kafaɗuna, ya sa yatsa a ƙashin bayana kamar yadda yake wa marasa lafiya. Ya ce, "Ciwo?" Na ce babu. Na tura sau ɗaya na kai bangon can, na juyo na dawo na tsaya cak a gabansa. Kwalbar jan magani ce kawai ta yi rawa.

Sannan ya mayar da hular kan ƙusa. Ya ce shi likitan ciwo ne, ba maigadin kamfani ba. Amma duk Lahadin da ba na wurin, ba wasa, kuma in aka sake kawo masa ƙashi, shi da bature ne. Na ce na ji.

Ina kwance igiya ya ce, "Wa ya auna miki wannan?" Na ce wata mai tsintar gyaɗa. Ya ce in gaishe ta.

Na fito na zauna a bayan ɗakin magani.

Lahadi, 7 ga Agusta

Ba wai na shiga ba ne. Lokotoro ne ya ce dole in kasance a wurin, kuma tsayuwa haka kawai gajiya ce. Jan kallabin ma riƙo nake wa Rabi kafin hannunta ya warke, na wanke shi ne don ya yi datti. Lami na cewa in an kwance wa Rabi ɗaurin sai Birni ta karɓe ni, Inna Shatu na cewa sai dai a bi ta kanta. Ni ban sa baki ba.

Da la'asar ina ɗaukar jaka na ga Ya ta yafa mayafi ta naɗe 'yar tabarmarta. Na ce ina zuwa? Ta ce an ce akwai ɓeraye a Zango masu tsayi, za ta gani da idonta.

A ƙofa kowa ta tuɓe, aka tara. Na cire nawa na tsaya da su a hannu, ƙafata har ta fara ja na wajen da ta saba. Ya ta riga ni. Ta shimfiɗa tabarma kusa da tarin, ta zauna, ta miƙo hannu.

Ta ce, "Kawo. Je ki, ana jiranki. Ni zan tsare."